Bututun hayaƙi na jan bulo yana yoyo, kwaɓin yana zuba kamar gari: ta ina zan fara?

Baban Amira:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin jan bulo. Gidanmu yana da murhun itace na ɗumama ɗaki, da bututun hayaƙi na ƙonannen bulo da ya ɓullo ta rufi. Tsayinsa daga rufi kamar mita 1.5 ne, faɗinsa santimita 60 da 90. Kwaɓin da ke tsakanin bulo ya ruɓe, in ka sa makulli ka kankara sai ya zubo kamar gari. Wani farin abu kamar gishiri yana fitowa a jikin bulon, fuskar wasu kuma ta ɓare. A cikin ɗaki akwai tabo ruwan ƙasa a silin da jikin bangon murhu. An ba ni shawara in kwaɓa siminti mai ƙarfi, siminti ɗaya da yashi uku, in shafe bututun gaba ɗaya da filasta, in bi da fenti mai hana ruwa. Wannan zai yi, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa?

Tsohon Birkila:

Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah ka dakata da filastar nan, ita ce za ta ƙarasa bututun.

Ƙonannen bulo yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi. A ginin da aka yi daidai, mafi yawan danshin ta layin kwaɓi yake fita, domin an yi kwaɓin ya fi bulo laushi da gangan. Shi ne ake so ya gaji ya ruɓe bayan shekaru, a tone shi a sa sabo, bulo ya zauna lafiya. Idan ka cika layin da siminti ɗaya da uku, ka juya lamarin ke nan. Danshi ba shi da hanya sai ta jikin bulo, gishirin da ruwan ya ɗauko ya taru a bayan fuskarsa, ya kumbura, fuskar ta ɓalle kamar ɓawon gyaɗa. A inda sanyi ke kaiwa ruwa ya daskare abin ya fi muni, don ruwa yana ƙara girma da kamar kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara. Filasta da fenti kuwa ba sa hana ruwa shiga ta sama, fitarsa kawai suke hanawa.

Aikin da ya dace shi ne tone layi a sake cikawa. Zurfin tonon ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na kaurin layin. Layi mai milimita 10, a tone milimita 20 zuwa 25, in kuma har nan kwaɓin yana marmashewa a ci gaba sai an taras da mai ƙarfi. A tone shi a miƙe, ƙasan ramin ya zama shafaffe, kada a bar shi da tsini kamar bakin fartanya, kuma sama da ƙasan bulon su fita tas ba ragowar tsohon kwaɓi. Shafa sabo a kan tsoho mai kaurin milimita 5 ɓata kaya ne, damina ɗaya ko biyu zai ɓanɓare. Cizal siriri da ya fi layin ƙanƙanta da ƙaramar guduma sun isa ga kwaɓin da makulli ke kankarewa. Injin yanka yana da sauri, amma a layin tsaye faifansa ya fi tsawon layin, kafin ka ankara ya ci bulon sama da na ƙasa. In dole ne a yi amfani da shi, a tsaga tsakiyar layin kwance kawai, a ƙarasa da hannu. A sa takunkumin ƙura na gaske da tabarau, ƙurar kwaɓi tana lalata huhu.

Haɗin kwaɓi, da mudu ɗaya ake auna duka, ba da shebur ba: siminti 1, farar ƙasa ta gini 1, yashi 6. Wannan ya dace da bulo mai ƙwari na zamani a wurin da ruwa da iska ke duka. In bulon mai laushi ne, 1 da 2 da 9. In tsohon gini ne da aka yi da farar ƙasa zalla tun asali, kada siminti ya shiga ko kaɗan, a nemi farar ƙasa mai kamawa da ruwa, irin wadda ake rubuta NHL 3.5 a buhunta, 1 da yashi 2.5 zuwa 3. Yadda za ka gane tsohon kwaɓin: ɗauki guntu ka jefa a ruwan tsami na kwalba, wato binega. In ya yi ta kumfa yana narkewa, farar ƙasa ta yi yawa a ciki. Yashi ya zama wankakke, mai ƙwaya manya da ƙanana, a tankaɗe shi. Yashi mai laka ko gishiri yana iya jawo farin abin da kake gani.

A gauraya a bushe, a zuba ruwa kaɗan har in ka dunƙula a hannu ya tsaya bai ɗiga ba, a rufe shi awa ɗaya zuwa biyu, sannan a ƙara ɗan ruwa a sake juyawa. Wannan hutun yana rage tsukewa bayan ya bushe. Ɗanyen kwaɓin cike layi ya fi na jera bulo tauri. In yana malala a kan cokali, ruwa ya yi yawa, zai ɓata fuskar bulo ya kuma tsage.

A share ƙurar ramin da buroshi, a fesa ruwa, a jira bulon ya sha, ya zama da danshi amma ba ruwa kwance. Busasshen bulo yana tsotse ruwan kwaɓi kafin ya kama, sai ka ga ya zama gari. A tura kwaɓin da siririn ƙarfe, hawa-hawa, kamar milimita 6 zuwa 8 kowane hawa, a danna shi sosai har ƙarshen rami. Sai hawan farko ya yi taurin da babban yatsa zai bar shaida ba tare da ya manne ba, sannan a ɗora na gaba. Na ƙarshe a goge shi da lanƙwasasshen ƙarfe ko guntun tiyo, ya ɗan lotsa ciki. Kada kwaɓi ya hau kan fuskar bulo, kada kuma a bar layin ya shige ciki har ruwa ya samu wurin zama. A rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa fesa ruwa kwana 3, na farar ƙasa zalla mako guda ko fiye. Ba a wannan aiki a tsakar rana mai zafi, ba a yi kuma in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.

Batun yawa: bulo mai tsawon milimita 215 da kaurin 65, guda 60 ne a murabba'in mita, layukansa kamar mita 17. Lita 4 zuwa 5 na kwaɓi ke nan har da wanda zai zube. Bututunka murabba'in mita 4.5 ne, saboda haka lita 20 zuwa 25 za su ishe ka. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, abin da za a iya gamawa cikin awa guda.

Injiniya Hauwa:

Bayanin Tsohon Birkila a kan cike layi babu abin cirewa. Sai dai ni ba daga nan zan fara ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kwaɓi bai ruɓe haka kawai ba, wani wuri ne ke shayar da bututun, kuma in ba a toshe shi ba sabon layin ma zai bi sahun tsohon. Mafi yawan yoyon da ake gani a silin daga wuri biyu yake zuwa, kan bututun da gindinsa.

A kai, duba hular da ta rufe saman bulon. Sau da yawa ragowar kwaɓin ranar ƙarshe ne aka shafa a wurin, siriri a baki, a manne da fayif ɗin yumɓu da hayaƙi ke bi. Fayif ɗin yana miƙewa idan ya yi zafi, ya koma idan ya huce, hular da ta riƙe shi sai ta tsage daga tsakiya zuwa kusurwa. Ta nan ruwa ke sauka cikin bulo daga sama. Hula ta gaskiya kankare ce, da tsakuwa ƙanana da ragar waya a ciki, kaurinta a baki bai gaza milimita 50 ba, ta gangara daga fayif zuwa waje. Ta zarce jikin bulo da milimita 50 zuwa 60 kowane gefe, kuma a ƙarƙashin leɓen a yi ɗan tsagi, wanda ake samu ta hanyar ɗora igiya ko siririn katako a cikin allon zuba kankaren. Tsagin nan shi ke sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi leɓe ya koma jikin bulo. A naɗe fayif da wani abu mai laushi kafin a zuba, don a bar tazarar milimita 10, daga baya a cike ta da gam mai jure zafi wanda ba ya sandarewa. Fayif ya ɗara hular da aƙalla milimita 50. A samansa a ɗora malafar ƙarfe mai raga. Buɗaɗɗen baki na santimita 30 da 30 yana haɗiye lita 9 a duk ruwan sama mai milimita 100, ga tsuntsaye da ke sheƙa a ciki.

A gindi kuma, inda bulo ya haɗu da rufi, fallayen ƙarfe ne ke tare ruwa, kuma hawa biyu ne. Na farko yana manne da rufi, ya lanƙwaso ya hau jikin bulo milimita 100 zuwa 150. Na biyu bakinsa yana cikin layin kwaɓi, zurfin kamar milimita 25, ya sauko ya lulluɓe na farko da milimita 75 ko fiye. Ba a haɗa su da ƙusa, domin rufi da bututu kowa motsinsa daban. Idan abin da ka gani a wurin dunƙulen siminti ne ko kwalta da aka shafa, to ga ɓarawonka nan, domin dukansu suna rabuwa da bulo su bar tsaga siririya da ruwa ke bi. Gefen da ke fuskantar tudun rufi ya fi kowane haɗari, nan ruwa da ganye ke taruwa. In gefen mai santimita 90 ne ke tare gangaren, yana bukatar ɗan ƙaramin doro a bayansa da zai raba ruwan biyu. Ƙa'idar gini ta Amurka ta wajabta shi ga bututun da faɗinsa ya wuce santimita 76. Dalma, tagulla ko ƙarfe marar tsatsa sun fi daɗewa. Alminiyom ba ya shiri da ɗanyen siminti, kuma kada a haɗa tagulla da kwano a wuri ɗaya, kwanon zai ci.

Kafin ka kashe ko sisi, yi gwajin tiyo a ranar da komai ya bushe. Mutum ɗaya ya shiga saman silin da tocila. Fara jiƙa rufin da ke ƙasa da bututun minti 15, sannan gindin gefe ɗaya-ɗaya, sannan jikin bulo, hula a ƙarshe. Daga ƙasa zuwa sama, ba a gaggawa. Inda ruwa ya ɓullo, nan ne. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai lokaci guda, bai gano komai ba.

Kuma a kafa dandamali mai shinge, ko a ɗaura bel da igiya a wuri mai ƙarfi. Kada a ɗaura a jikin bututun da ake zargi, kada a jingina tsani da shi.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa an hau an duba. Hular ta tsage gida uku, gindin kuma kwalta ce aka shafa kamar yadda Injiniya ta faɗa. Bulon da suka ɓare duk a inda aka taɓa faci da siminti mai launin toka suke. Amma abu biyu sun ɗaure min kai. Tabon bangon murhu yana yin danshi ko ba a yi ruwa ba, muddin gari ya yi laima. Sannan in ka tsaya daga nesa kamar bututun ya ɗan karkata gefe guda.

Mai Sharar Bututu:

Malam, waɗannan biyun daga ciki suke, kuma su suka fi yoyon muhimmanci.

Hayaƙin itace yana ɗauke da tururi, kwalta da gishiri iri-iri. In ya huce a hanya sai ya zama ruwa a jikin maƙogwaron bututu, ya ratsa bulo. Gishirin da ya zauna a filastar ɗaki irin mai jawo danshi daga iska ne, shi ya sa tabon ke jiƙa ranar da gari ya yi laima ko ɗigo bai sauka ba. Ko an gyara rufi tas, tabon zai ci gaba da dawowa ta cikin fenti. Maganinsa a sassaƙe filastar wurin, a zarce bakin tabon da kamar santimita 30, a bar bulon ya sha iska, a sa shamaki tsakaninsa da sabuwar filasta, ko leda mai ƙuraje da ake yi don haka ko allo a kan sanduna da tazara a baya.

Karkatar kuwa, galibi gishirin salfet ne daga kunkunniya. Idan ya haɗu da siminti a cikin danshi mai daɗewa, kwaɓin yana kumbura. Gefen da ya fi jiƙa ya fi kumbura, kowane layi ya ƙaru da ɗan kaɗan, layi 20 su haɗu su tura bututun ya sunkuya zuwa ɗaya gefen. Alamarsa tsaga a kwance a tsakiyar layuka da kwaɓi mai fari-fari da laushi. Kada ka dogara da ido. A saki igiya mai nauyi daga sama a auna tazara a sama da ƙasa. Ma'aunin da aka saba bi shi ne milimita 1 a kowane 100. A tsayin mita 1.5, in ya kauce fiye da milimita 15, ko kuma bulon sama suna motsi in an tura da hannu, cike layi ba zai yi ba. Sai a sauke shi zuwa inda yake da lafiya a sake jerawa, da siminti mai jure salfet in an samu.

Kada a hura wuta har sai an share an duba ciki. A rufe bakin murhu da leda, a tura buroshi daidai girman maƙogwaron. Abin da ya zubo zai gaya maka labari. Baƙin gari mai laushi kunkunniya ce kawai. Ɓawo mai ƙyalli kamar gawayin da aka fasa, kwaltar hayaƙi ce da ta fara tauri. In kuwa bangon ciki ya yi santsi yana sheƙi kamar an zuba kwalta, buroshi ba ya cire wannan, sai mai kayan aiki. Kaurin milimita 3 ya isa a share, domin in ta kama wuta zafin yana wuce digiri 1000, ya fasa fayif ɗin yumɓu cikin mintuna. In ka ga gutsattsarin yumɓu ko yashi a cikin sharar, akwai ɓarna a ciki. Madubi da tocila suna nuna kaɗan, kyamara a kan sanda ta fi. Sannan gwajin hayaƙi: a ɗumama maƙogwaron, a kunna abin hayaƙi a murhu, a toshe sama da ƙasa, a bi ɗakuna da saman silin ana duba inda yake fita. Duk inda hayaƙi ya fita, iskar kabon monoksayid mai guba ma za ta fita, ita kuma ba ta da wari ba ta da launi. In hayaƙin ya ɓulla, a zura fayif na ƙarfe marar tsatsa daga sama har murhu, girmansa daidai da murhun, da abin riƙe zafi a kewayensa. A saman silin a tabbata katakon rufi bai taɓa bulo ba, a bar milimita 50. A ɗaki kuma a kafa na'urar ƙararrawa ta wannan iska.

Don kada a koma gidan jiya, itace ya bushe, danshinsa ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ɗanye yana tsiyayar ruwa a baki yana huci, wutar ba ta ƙarfi, hayaƙin ya huce ƙasa da digiri 120 ya manne. Rufe iska don wuta ta kwana tana cin kanta ma haka yake yi. Shara da dubawa sau ɗaya a shekara, kafin lokacin sanyi. In kuma kun daina amfani da murhun, kada a toshe shi ruf. Malafa a sama, ƙaramar raga ta iska a ƙasa, in ba haka ba tururi zai taru a ciki ya ci gaba da ta da gishirin nan.

Tsohon Birkila:

To, tunda haka ne, a auna karkatar tukun. In za a sauke, hula da layi duk sun shiga aiki ɗaya. A tsare tsayinsa wajen sake jerawa: santimita 90 sama da inda ya huda rufi, kuma santimita 60 sama da duk wani sashen gini da ke cikin mita 3 da shi, in ba haka ba iska za ta riƙa mayar da hayaƙi ɗaki.

In ya tsaya daidai, ga yadda ake canza bulon da suka ɓare. A huda kwaɓin da ke kewaye da shi da dirila, rami kusa da rami, a fasa bulon daga tsakiya zuwa baki don kada maƙwabtansa su ji rauni. Kada a cire fiye da biyu ko uku a gefe ɗaya a rana, bangon bututu sau da yawa kaurin bulo ɗaya ne a kwance. A share ramin, a jiƙa, a shimfiɗa kwaɓi a ƙasa da gefuna, a shafa a saman sabon bulon, a tura shi har kwaɓi ya fito, a danna layin sama da siririn ƙarfe domin nan ne ake barin kogo. In bayan tsohon bulon yana da lafiya ana iya juya shi a mayar, launi ya zo ɗaya. Facin simintin nan mai toka duk a cire shi, a hankali, don yana tafiya da bakin bulo.

Farin gishirin waje, busasshen buroshi mai tauri kawai, ba na waya ba. Wanke shi da ruwa mayar da shi ciki ne. Asid kuma ku bar shi, yana cin sabon layi da fallayen ƙarfe. Idan ruwa ya daina shiga zai ragu da kansa a hankali.

Injiniya Hauwa:

Ƙari ɗaya a kan abin hana ruwa, tunda da shi aka fara tambaya. In bayan an gama komai gwajin tiyo ya nuna jikin bulon da kansa yana shan ruwa har ya ratsa, akwai maganin da ake fesawa mai silen ko siloksen, wanda ke shiga cikin bulo ya bar tururi ya fita. Ba ya toshe tsaga, ba ya maye gurbin layi ko hula. A jira kwana 28 bayan sabon kwaɓi, bulon ya bushe, gishiri ya daina fitowa, a gwada a ƙaramin wuri tukun. Duk wanda ke barin sheƙi a fuskar bulo, ko aka rubuta yana rufe ƙofofin iska, a ajiye shi. Filastar ɗaki ita ce aikin ƙarshe, bayan bangon ya samu wata biyu ko uku yana bushewa.